Kunnen Malam Uzairu

Shekara talatin, ba mai sayen mota a unguwar Ali Kazaure bai tafi da Malam Uzairu bakanike ba. Kunnensa ne jarinsa. A tayar da inji ya karkata kai, kafin ka kai zaune ya faɗa maka ciwon motar.

Abin da ya tsana a duniya shi ne sifika. Da ya ga mai saye yana gyaɗa kai ga kiɗa sai ya ce, "Mota ka zo saya ko gidan biki? Dillali ba ya ƙure rediyo sai inji na da abin faɗa." Ni Lukuman maƙwabcinsa ne, na sha wannan huɗuba har na haddace.

To, kunnen nan ya fara tafiya. Duk unguwa an sani, shi kaɗai yake ganin sirri ne. Sai ya koma dafa jikin mota da tafin hannu yana jin motsinta, mu kuma muna yaba sabuwar fasaha. Wa zai cire wa dattijo abinci a baki?

Ran nan Malama Firisila, mai koyarwa a Gada Biyu, ta ɗauke shi duba wata mota, na bi su. Ita ba ruwanta da inji, damuwarta rediyon ya kama wayarta ta sha waƙoƙin coci. Chinonso dillali ya kunna mata, sifikun baya suka hau duka kamar ana daka.

Malam Uzairu ya leƙa zai kashe yadda ya saba. Rediyon na zamani ne, gilashi kawai, ba abin murɗawa. Ya dangwala wani wuri, ya ɗauka ya mutu. Ya zagaya ya dafa motar, ya rufe ido, kiɗa na ta girgiza ƙarfe a ƙarƙashin hannunsa.

"Kada ki saya, 'yata. Injin nan ya kusa bugawa. Ba ku ji yadda yake dukan kansa ba?"

"Baba, ai ban tayar da ita ba," in ji Chinonso.

Bai ji ba. Firisila ta sunkuyar da kai. Chinonso, da yake kasuwarsa aka taɓa, ya kashe kiɗan, ya ɗaga bonet, ya kama hannun dattijon ya ɗora a kan injin. Sanyi ƙalau.

Malam Uzairu ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, bai ga mamaki a tawa ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na kuma ji kunyar kaina.

"Lukuman, tun yaushe kuka sani?"

Na ce a hankali, "Shekara biyu, Malam."

Ya matso da kunnensa. "Me ka ce?"

Dole na ɗaga murya na maimaita, har masu wankin mota suka juyo.