Sunan Inna a Bakin Kogi

'Yata ta shiga jami'a ba ta san sunan kakarta ba, ni kuma ban taɓa lura ba. A gidanmu a Kano haka muka tashi, ba a kama sunan uwa. Inna muke ce mata. Idan wata yarinya a ajinmu sunansu ɗaya da Inna, sai in ce "mai sunan Inna", in wuce. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce haramun ne. Kunya ce kawai, irin wadda ke riƙe harshe tun kafin mutum ya yi tunani. A can kuwa ba a asarar komai, domin sunan yana yawo a unguwa. Ƙawayenta na ƙuruciya suna ƙwala shi tun daga zaure, yayyenta suna faɗa in sun zo, yaro yana tsintarsa bai tambaya ba. Abin da ban hango ba shi ne a Upper Marlboro, garin da muke zaune a jihar Maryland ta Amurka, babu zaure, babu ƙawayen Inna. Na taho ƙasar nan da sunan, na kulle shi a baki.

Wadda ta tono maganar maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa baƙar fatar Amurka, doguwa, tsohuwar malamar makaranta. Iya nake ce mata, ta kuma karɓa. Tun makon da muka tare na fara ganinta. Ina aikin nas a wani asibiti a Laurel, saboda haka in na idar da asuba ba na komawa barci. Ina tsaye a kicin ina haɗa shayi, sai in hango ta ta taga, fari fat daga ɗankwali har ƙafa, ta fuskanci gabas tana jiran rana. Da ta ɓullo sai ta ɗauki ƙoƙon ruwa, ta kira suna, ta tsiyaya kaɗan a gindin bishiya, ta kira wani, ta tsiyaya. Muryarta na da kauri, tana tsallako shinge har ɗakin 'yata, wanda tagarsa ke kallon bayan gidanta. Sunayen ba su fi a ƙirga da yatsu ba. In ta gama sai ta yi shiru, ta juye sauran ruwan a hankali.

Da na yi tambaya aka ce 'yar wata ƙungiyar addini ce ta baƙaƙen Amurka. Sun ce addinin da aka bai wa kakanninsu a gonakin bauta ba nasu ba ne, sun koma neman na asali, sun same shi a Masar ta dā, wadda suke kira Kemet. Maigidana ya yi dariya har da dafe ciki. Ya ce duk faɗin duniya ba su ga wanda za su bi ba sai mutumin da ya nutse a teku. Daga ranar ya laƙa mata jikar Fir'auna, amma in sun haɗu a bakin mota shi ke fara russunawa, don ta girme shi nesa ba kusa ba.

Ni ma na yi ta a'uziyya a farkon lamari, ba zan ɓoye ba. Amma maƙwabci maƙwabci ne. Da sallah na aika mata dambun nama, ta dawo da shi da kanta, ta ba ni haƙuri, wai rabonta da nama tun ba a haife ni ba. Na ji haushi, na ce wace irin tsohuwa ce wannan. Na gwada ƙosai da kunun gyaɗa, sai ga shi na kama ta. Har roƙo take in Asabar ta yi.

Ƙosan ne ya shigar da ni falonta. Na ga zanen saƙa na Ghana a bango, ganga irin ta mutanen Gini a lungu, da wata alama kamar makulli mai zagayayyen kai, wadda ta ce alamar rai ce. A raina na ce sun haɗa Afirka duka a tukunya ɗaya kamar dafa-duka. Amma a kan wani ɗan tebur akwai ƙaramin ma'auni, gashin jimina guda ɗaya a gefe, ɗaya gefen babu komai. Na tambaye ta. Ta ce in mutum ya mutu za a ɗora zuciyarsa a nan, a auna ta da gashin. In ta rinjaye shi saboda ƙarya da zalunci da cin haƙƙi, ya halaka. Ta ce kullum kafin ta kwanta takan duba abin da ta ƙara wa zuciyarta a ranar. Tun ina allo nake jin zancen mizani, ban taɓa zaton zan gan shi a kan tebur a Maryland ba, a gidan wadda muke wa dariya. Na ce mata ni Allah ɗaya nake bauta wa, ba na zuba wa kowa ruwa. Ta ce ba ta nemi in zuba ba, in ƙaro mata ƙosai.

A ranar ne ta gaya mini ma'anar shirun nan nata. Sunayen da take kira daga bakin kakarta ta karɓe su, har zuwa kan wata mata da aka haifa a gonar taba ba nisa da inda muke zaune. Daga ita sai duhu. Akwai uwar da ta haife ta, akwai wadda aka tsallako da ita teku, amma ba wanda ya san yadda ake kiransu. A addininsu, in ji ta, mutum yana nan muddin ana ambaton sunansa. Don haka sauran ruwan nasu ne, waɗanda ba ta da abin da za ta kira su da shi.

Shekaru suka tafi a haka, sai Inna ta rasu can Kano. An kira ni ina wurin aiki, kafin in iso gida har an kai ta. Mutanenmu suka cika gidan, daga Gaithersburg, daga Laurel, mata a falo, maza a ɗakin ƙasa, ana ta Allah ya jiƙan Inna. Iya ta shigo da fararen kayanta ta zauna a cikinsu, ba ta jin ko kalma ɗaya, amma kullum sai ta zo har aka share makoki. Da gidan ya yi sauƙi, muna zaune mu uku da 'yata, ta kama hannuna ta ce in gaya mata sunan mahaifiyata, tana so ta riƙa tunawa da ita.

Na sunkuyar da kai. Ta ɗauka kuka ne ya hana ni, sai ta juya ga 'yata.

"Inna," in ji yarinyar.

"Wannan ba suna ba ne," na ce, ban ma san ya fito ba.

'Yata ta dube ni kamar na mare ta. Na shiga yi wa Iya bayani, cewa a wurinmu girmamawa ce, ɗiya ta gari ba ta kama sunan uwarta, ko mijinta, ko ɗanta na fari. Ina maganar ina jin daɗin kaina, don a zatona burge ta zan yi, ita mai son kayan Afirka. Ta saki hannuna.

"Kina da shi a baki, kina zaune a kai?" ta ce. "Mu da bulala aka raba mu da namu. Ke da ladabi za ki raba 'yarki da nata. In kin mutu, ita ma shiru za ta yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wadda ba ta taɓa taka Afirka ba sai sau ɗaya a yawon buɗe ido, ita ce za ta koya mini yadda ake girmama uwa? Na daina ƙosan Asabar. In na hango ta ta taga sai in ja labule.

Amma maganar ta riga ta shiga gida. 'Yata ta tambaye ni, na ce ta tambayi babanta. Shi kuwa suruki ne, kunyarsa ta fi tawa, ya hau tari ya ce yana da waya. Na ce to ta kira ƙanwar Inna a Kano. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ƙanwar kuma Yaya take cewa. Daga baya ta gaya mini ta san za ta same shi a cikin takarduna in ta bincika, amma ba ta so ta ɗauke shi kamar ɓarauniya, daga bakina take so ta ji. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Harshen ya ƙi.

Da zafi ya shigo, Iya ta aiko 'yata ta gaya mini idonta ya yi rauni, an hana ta tuƙi, ga shi taronsu na tunawa da kakanni ya zo, a bakin kogin da ya ratsa bayan gari. Fushi daban, haƙƙin maƙwabtaka daban. Na ce zan kai ta, amma a mota zan zauna. Muka yi asuba muka fita, ita a gaba, 'yata a baya.

Ban iya zama a motar ba. Na fito na tsaya nesa a gindin wata bishiya, da hijabina da carbina. Ban taɓa tsammanin suna da yawa haka ba. Tsofaffi a keken guragu, magidanta, mata da goyo, duk cikin farare, sun jeru a gaɓar kogin sun fuskanci gabas, hazo yana tashi daga ruwan. Iya ta taɓa gaya mini a zamanin bauta ta wannan kogin ake shigo da mutane a ɗaure, a fita da taba. Ganga tana bugawa a hankali. Suna jan numfashi tare, su sauke tare, har ana jin sa daga inda nake.

Da rana ta leƙo, wani dattijo ya ɗaga ƙwarya, gangar ta tsaya. Ya kira suna ya tsiyaya ruwa, jama'a suka amsa da wata kalma da na saba ji a bakin Yarbawan Sabon Gari. Daga nan aka bar kowa ya kira nasa. Sunaye suka fara zubowa ɗaya-ɗaya, can suka haɗe kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Wani na Turanci, wani na Larabci irin namu, wani ban san daga ina ba. Wata mata kusa da ni suna biyu kawai gare ta, tana ta maimaita su da ƙarfi. Ban yarda da ruwan da suke zubawa ba, har gobe. Amma na tsinci kaina ina subhanallahi.

Iya tana gefen layin da ke kusa da ni, 'yata ta riƙe mata hannu saboda santsin gaɓar. Na ji ta fara jero nata yadda na saba ji ta taga. Tana zuwa na ƙarshe, matar gonar taba, sai ta tsaya. Bakinta yana motsi, ba abin da ke fita. Ƙoƙon ya karkace a hannunta. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ranar.

'Yata ta sunkuya ta faɗa mata sunan a kunne. Ba ta yi ko tunani ba. Tun tana firamare take jin sa kowace safiya ta tagar ɗakinta. Iya ta kama shi, ta ɗaga murya ta kira, ta tsiyaya ruwan.

Sai dattijon ya ɗaga hannu, aka yi tsit domin waɗanda ba a san sunansu ba. Duk taron nan ba ka jin komai sai ruwa yana zuba a ruwa. Shirun ya daɗe. A cikinsa na tsaya ina kallon 'yar da na haifa, ta haddace kakannin maƙwabciya tas, tata kakar kuma, wadda ta yi mata wanka tana jaririya ta goya ta, tana cikin waɗanda ake wa shiru.

Da aka watse, ta zaunar da Iya a kan benci ta taho wurina neman makullin mota. Na riƙe hannunta. Na dubi ƙasa, na ce Inna ki yafe mini, sannan na faɗa. Muryata ta fito 'yar ƙarama, ba ta ji ba, dole na sake. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakina ba. Ba zan rubuta shi a nan ba, kunyar ba ta tafi ko'ina ba.

Ta maimaita da harshenta na Amurka, ta murɗe shi. Na ce ba haka ba, na gyara mata. Ta sake, na sake gyarawa. Ta tambaye ni yadda ake cewa a yi wa mamaci addu'a da Hausa, na gaya mata. Ta ɗaga hannuwa, ta ce Allah ya jiƙan, sannan ta kira sunan da ƙarfi, daidai, da irin jan da ƙawayen Inna ke yi masa daga zaure.

Ban ce amin da wuri ba. Na waiwaya ne tukuna, don a gidanmu in aka kira sunan nan, akan amsa.