Alƙaliya da Fim ɗin Ramuka

Bayan rasuwar maigidana na daɗe ban taɓa kaina ba. Ɗankwali kawai nake ɗaurawa a kan tsohon kitso, har gashin ya dunƙule yana min ciwo. Wata safiya mai kitson gidanmu ta ɗaga labulen ɗakina, da mataji da tsinke da kwalbar mai a hannunta, ta jawo kujera ta ce, "Mai Carbi, zo ki zauna kafin ɓera ya kama haya a kan nan."

Na zauna a ƙasa, ta kifa kaina a cinyarta ta fara tsifa. Ba ta yi min ta'aziyya ba, ta riga ta yi. Labarin wani fim ta ɗauko, na wani ɓarawo matsoraci da ya shiga gida sata, tsohuwar gidan ta ɗauka ɗanta ne ya dawo, ta sa shi wanke-wanke. Tana yin muryar ɓarawon, tana yin ta tsohuwar. Ni kuwa fuskata tana cikin zaninta, na yi kukan da na kasa yi a gaban 'yan gaisuwa, ba wanda ya gani balle ya ce in yi haƙuri. Zanin ya jiƙe sharkaf, ta yi kamar ba ta ji ba. Kafin ta kama kitson ƙarshe sai da na yi dariya.

Gidan haya muke, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya da ake faɗa a kanta. Ɗakinta ne na farko daga ƙofa, a barandarsa take kitso. Ni ina ɗinkin kayan yara da keke a ɗaki na kusa, don haka duk abin da aka faɗa a barandar nan a kunnena yake sauka. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Sauran mata kuwa Alƙaliya suke kiranta, saboda babu fim ɗin da zai shigo unguwa bai bi ta gabanta ta yanke masa hukunci ba.

Hukuncinta kala-kala ne. Akwai fim na wanki, wanda za ki iya kallo kina cuɗa kaya ba ki rasa komai ba. Akwai na ajiye tsintsiya, wanda sai kin bar aiki kin zauna masa. Akwai kuma wanda take cewa asarar caji, shi ko sunansa ba ta son a maimaita. Mace za ta zo da rawar jiki ta ce, "Alƙaliya, kin ga sabon nan? Na sha kuka!" Sai ta ja mata gashi kaɗan ta ce, "Ke albasa ma kuka take sa ki. Yarinyar da aka ce ta kwana uku a daji ba ci ba sha, amma jan bakinta bai goge ba? Miƙe wuya."

Fina-finan gaskiya ma, waɗanda ake ɗaukar abu yadda yake ba wasa ba, tana da bakin magana a kansu. Ta fi son na namun daji. Ta taɓa cewa wani kada da ta gani ya kwanta kamar gungume yana jiran barewa ya fi jarumai goma iya wasa, don shi bai taɓa kallon kyamara ba. Ni da ba kallo nake yi ba, ta kan leƙo ta ce, "Mai Carbi, na samo miki naki. Tururuwa ce zalla, ba rawa ba waƙa, za ki yi ta subhanallahi har ki gaji." Kuma haka aka yi.

Matan nan sun ci moriyarta shekara da shekaru. Ba wadda take zuwa shagon mai tura fim a waya sai ta biyo ta tambaye ta. Ta san wadda ba ta son ganin jini, ta san wadda ta yi ɓari kada a ba ta mai jariri a ciki. Ina faɗin wannan ne don a san irin mutanen da suka yi mata abin da suka yi.

'Ya'yanta biyu maza. Babban cikinsu direba ne a wani kamfani, yana da iyali a can wata unguwa. Auta kuwa ya bi wasu mutane neman aiki a nesa. Da farko yana kira, daga baya kiran ya ja baya, daga baya layin ya daina shiga gaba ɗaya. Aka tambaya inda za a tambaya, aka gaji. Ita ba ta fasa kitso ba, ba ta fasa ba'a ba, sai dai duk wayar da ta yi ƙara a gidan, ko ta waye, hannunta sai ya tsaya.

Wata rana mai shago ya zuba mata fina-finai a waya kamar yadda ya saba, a cikinsu har da wani na gaskiya a kan masu haƙar zinariya a wata ƙasa. Yaren ciki ba namu ba ne, rubutun ma ba irin wanda muka sani ba. Ta jingina wayar a gwangwanin mai tana kitso tana kallo. Ina kan keke na ji mataji ya faɗi, na ji ta ce, "Mai Carbi!" da wata murya da ban san ta da ita ba.

Ana hira da wani dattijo a bakin rami. A bayansa wani saurayi ya gitta da buhu a kafaɗar hagu, laka ta rufe shi har gira. Ƙafarsa ɗaya tana ɗan jefawa waje. Ya tsaya, ya share wuyansa da bayan hannu, ya juyo, ya wuce. Duka bai wuce ka ce bismillahi ba. Auta ya faɗo daga katanga yana yaro, tun daga nan ƙafarsa take jefawa waje.

Daga ranar Alƙaliya fim ɗaya ta sani. Duk wadda ta zauna kitso sai an jingina mata shi a gaba, ga kanta a hannun mutane, ba halin tashi. Kuma ba hauka ba ne, tana da dalilinta. Cewa take wata mijinta matafiyi ne, wata ƙaninta ya yi yawon duniya, ko Allah zai sa wani ya gane yaren, ko duwatsun da ke baya, ko fentin motar da ke tsaye a gefe. In an san wurin, a san inda za a aika.

To, sai matan suka ɗauki alƙalancin da suka koya a wajenta suka juye mata shi a ka. Matar mai gidan hayarmu, wadda ba ta taɓa zaɓen fim da kanta ba, ita ce ta taɓe baki ta ce, "Ni dai Yaya, wannan na wanki ne. Ko waƙa babu." Aka kwashe da dariya. Wata ta ce tsakiyarsa akwai gundura, gara a tura gaba. Wata ta ce ai wannan ya fi Auta tsawo, Auta guntu ne kamar ubansa. Wata kuma, wai ita mai tausayi, ta dafa ƙirji ta ce, "Wallahi shi ne, amma ya lalace. Irin ramukan nan fa rufta wa mutane suke yi, ba ki ga ƙarshen ba?" A gaban uwarsa. Hannun uwarsa yana cikin gashinta a lokacin, kuma ta ƙarasa mata kitson tsaf, ba ta ja ko sili ɗaya ba. Da ni ce, Allah ya yafe min, da sai ta koma gida da rabin kai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar turawa. Ta roƙe su ɗaya bayan ɗaya, "Bari in tura miki a wayarki, ki nuna wa maigidanki." Kowacce sai ta ce, "Ayya Yaya, ba wuri a wayata." Ba wuri! Wayoyin da suka cika maƙil da raye-raye da barkwanci, rabinsu ma ita ta ce su ɗauko. Ba wadda ta iya goge ɓarawo ɗaya ko amarya ɗaya ta ba ɗan mutane wuri. Ni tawa ƙarama ce mai maɓallai, kira kawai take yi, da tana ɗaukar fim, da na karɓa ko da zan goge lambar kowa.

Sannu a hankali suka fara zamewa. Sai ki ga mace ta wuce ƙofar gida da sabon kitso, ta kau da kai. A bakin famfo na ji matar mai gida tana cewa, "Yau ma akwai silima? Ku shiga, kyauta ce, amma fim ɗaya ne." Ina riƙe da bokiti, sai da na yi a'uzubillahi kafin na iya ɗaga shi.

Su ne suka kai wa babban ɗanta magana, wai uwarsa ta fara taɓuwa. Gaskiya ne ba ta cin abinci sosai, gaskiya ne jininta ya hau, wannan ba zan ɓoye ba. Ya zo ya ce gilashin wayar ya tsage, bari ya kai a sauya. Ta miƙa masa tana cewa, "Ka ce su yi a hankali, ƙaninka yana ciki."

Da la'asar ya dawo da ita, gilashi sabo fil yana ƙyalli. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta latsa, ta sake latsawa. Ta ce, "Babba, ina ya shiga?"

Ya tsuguna ya ce, "Mama, na sa an wanke wayar duka. Likita ya ce damuwa ce take kashe ki. Wancan ba Auta ba ne, kowa ya faɗa miki."

Ta ce, "Kai ka kalla?"

Ya ce, "Ba sai na kalla ba."

Ni ba mai shiga maganar uwa da ɗa ba ce. A gidan nan akwai waɗanda ba su san muryata ba sai a sallama. Amma ranar ban san lokacin da na taso daga kan keke ba. Na ce, "Ba sai ka kalla ba? Ƙaninka ne ko ba shi ba ne, ba ka iya ba shi ɗan lokacin da za ka sha ruwa ba, amma ka iya hawa mota ka je ka goge shi?"

Ya ce, "Inna, don lafiyarta na yi."

Na ce, "To ga lafiyar nan, dube ta."

Ya duba. Tana zaune da wayar a tafin hannu biyu kamar an miƙo mata jaririn da ba ya motsi. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Gilashin ya yi kyau. Allah ya yi maka albarka." Ni wannan albarkar ta fi min zagi ciwo, kuma na ga shi ma ta shige shi, don ya kasa tashi.

Washegari na raka ta shagon mai tura fim. Ya ce shi a tare yake zubawa, bai san sunansa ba, kuma na'urarsa in ta cika sharewa yake yi. Babban ma, da jikinsa ya yi sanyi, ya zauna ya yi ta nema a tasa wayar. Fina-finan ramuka suka yi ta fitowa, ashe suna da yawa a duniya, kowanne da nasa samarin da laka ta rufe, 'ya'yan wasu matan. Ba a samu namu ba.

Ta ci gaba da kitso na ɗan lokaci. Matan suka dawo, tunda yanzu ba abin gudu. Sai ki ji an ce, "Alƙaliya, wanne za mu ɗauko a satin nan?" Ta ce, "Duk wanda kika samu." Daga baya hannunta ya fara rawa, tsaga ba ta fita daidai, Babban ya zo ya kwashe ta ya kai gidansa. Ina zuwa duba ta. Akwai ƙatuwar talabijin a falonsu, kujerarta tana ba ta baya.

Yanzu matan nan su ne suke cewa gida ya yi shiru, wai sun yi kewar Alƙaliya, wai ba su san abin da za su kalla ba. Ina jin su ina taka keke da ƙarfi don kada bakina ya ɓata min alwala. Kuma da yake sun san na fi kowa kallon fim ɗin, sai su matso su rage murya su ce, "Mai Carbi, tsakaninki da Allah, ke da ido, shi ne ko ba shi ba ne?" Har Babban ya taɓa tare ni a ƙofar gidansa ya yi min wannan tambayar, idonsa ja.

Ba na amsa musu, kuma a nan ma ba zan rubuta ba. Na san abin da idona ya gani, na bar shi tsakanina da Ubangijina. Tun fim ɗin yana cikin wayar, wata rana da hantsi da baranda ta watse ba kowa, ta shigo ɗakina ta zauna a bakin katifa, ta jingina wayar a jikin kekena. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta riƙe min hannu ta ce, "Mai Carbi, kowa ya faɗa min ra'ayinsa, na ƙoshi. Ke kada ki ce shi ne, kada ki ce ba shi ba ne, ko ni na tambaye ki, ko wani. Ki matso kawai mu kalla tare, in ya zo wucewa ki tsayar min da shi."