Kofur Naziru da Kwanukan Dandin Mahe

A Dandin Mahe, idan ka ce kana neman Naziru Shaihu sai an tsaya tunani. Ka ce Soja, kowa zai nuna maka gidan. Shi ne ɗa na uku ga marigayi Malam Shaihu, manomin gero da dawa mai 'yan shanu, da matarsa Inna Madina. Ya tashi siriri, dogo, mai saurin ƙafa. Shi ake bai wa shanu ya kai mashaya, shi ake aika Shagari ranar kasuwa, ya je ya dawo bai nuna gajiya ba. Ya yi sakandare a Bodinga, yana gamawa ya shiga soja. Ni maƙwabcin ɗan gwaggonsa Abba ne, wanda ke aikin lafiya a nan Bodinga. A bakin su biyun na ji wannan labari, kowa daban, kuma maganarsu ta zo ɗaya a kusan komai.

Da na tambayi Naziru abin da aka fara koya masa a soja, na zaci zai ce harbi. Sai ya ce ci. Ranarsa ta farko a wurin horo aka zuba musu shinkafa da wake. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa yana ci a hankali irin na gida, yana cikin haka aka busa usur. Ya tashi ya bar fiye da rabi, ya wuni yana gudu da jaka a baya, cikinsa na kuka. Tun daga ranar bai sake barin ko ƙwayar shinkafa a kwano ba. Da aka tura su daji a Arewa maso Gabas, inda motar abinci kan makara, ɗabi'ar ta ƙara zama masa jiki. Abin da aka sa maka a gaba ka cinye, ka suɗe, don ba ka san yaushe wani zai zo ba.

Barci ma haka ya koye shi. A daji yakan kama shi duk inda ya samu, a bayan mota ko a gindin itace, takalmi a ƙafa. A bariki kuwa yana sallar isha'i yake kwanciya, don da asuba akwai gudu. Shekara da shekaru a haka, nauyinsa bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Ya kai kofur, ya daɗe a nan. Bara sunansa ya fito cikin waɗanda za a tura kwas ɗin zama saje, amma sai sun ci gwajin ƙarfin jiki: a auna nauyi, a sa su gudu ana duba agogo. Ya taɓa rasa irin wannan dama saboda zazzaɓi, kuma hafsansa ya gaya masa baki da baki cewa ba zai sake sa sunansa ba in wannan ta wuce. Kafin gwajin aka ba shi hutun wata guda. Naziru ya yi murna. Ya ce zai je gida ya huta, ya riƙa gudu a yashin hanyar Shagari, ya koma ya fi kowa.

Ya iso da kaka, rumbuna cike, shanu na ba da nono. Inna Madina ta dube shi sama da ƙasa, ta kama tsintsiyar hannunsa ta girgiza kai.

"Wanga shi na soja? Ƙashi da fata? Halan ba a ba ku abinci can?"

"Ana ba mu, Inna. Haka jikin yake."

"To, mu gani," in ji ta.

A garin, idan ɗa ya daɗe a waje ya dawo, duk gidan da ke da dangantaka da shi sai ya aiko da kwano. Kafin azahar zauren ya cika. Tuwon gero da miyar kuka, man shanu na yawo a sama. Dambu. Hoce mai zafi. Fura da nono a ƙwarya. Gwaggo Suwaiba, yayar mahaifinsa, uwar Abba, ta aiko da tuwon shinkafa da soyayyen zabo. Naziru ya dubi kwanukan kamar an ba shi aiki. A ganinsa mayar da abincin uwa da saura raini ne. Ya sassauta bel, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya cinye, ya suɗe, aka mayar da su fes.

Abin da ya manta, bayan shekaru a bariki, shi ne cewa a Dandin Mahe baƙo yakan bar saura. Ɗan abin da ya rage a gindin kwano shi ke gaya wa mai girki cewa baƙonta ya ƙoshi. Kwanon da ya dawo a suɗe kuwa kunya ce: an ba baƙo abin da bai ishe shi ba.

Gwaggo Suwaiba ta buɗe kwanonta ta ga yana ƙyalli. Ta riƙe haɓa. Washegari ta sauya kwano, ta ɗauko wanda ya fi girma. Sauran matan ma haka suka yi, kowace a ɓoye, don kada a ji cewa a gidanta ne Soja ya tashi da yunwa. Naziru ya ga abinci ya ƙaru, ya ce a ransa lalle mutanen nan suna ƙaunarsa, bai kamata ya ba su kunya ba. Ya ƙara cinyewa. Suka ƙara zubawa. Inna Madina kaɗai ta san abin da ke faruwa ta ɓangarorin biyu, ta kuma yi shiru, domin kumatun ɗanta sun fara fitowa.

Sai komai ya rikice. In ya tashi daga kan kwanukan rana, barci ke kayar da shi har la'asar ta kusa wucewa. Da dare kuma ido ya bushe, ga abokan ƙuruciya sun cika zaure suna son labarin daji. Da asuba ya fita gudu, ƙafa ta yi nauyi, numfashi na sama-sama. Wurin da a makon farko yake wucewa a guje, yanzu nan yake tsayawa ya dafa gwiwa. Wata safiya wani tsoho a kan jaki ya wuce shi, ya waiwayo ya ce, "Sannu Soja, ko in rage maka hanya?"

Bayan mako biyu ya shigo Bodinga gaida mutanen da ya zauna a wajensu lokacin makaranta, ya biya wurin aikin Abba. Su biyun taubasai ne, ba sa haɗuwa sai da tsiya. Abba ya hango shi tun daga ƙofa, ya miƙe tsaye ya sara.

"Ranka shi daɗe, Alhaji! Yaushe anka yi maka sarauta ba mu ji ba?"

"Kai dai ba ka da aiki sai surutu. Ina ma'auninku?"

"Na mutane ko na buhu?"

Naziru ya hau. Allurar ta yi gaba, ta wuce inda ya saba ganinta, ta ci gaba da tafiya. Ya ce ma'aunin ya lalace. Abba ya hau da kansa ya nuna masa lafiyarsa lau. Naziru ya cire takalmi da hula, ya ajiye waya da makulli, ya sake hawa. Bai sauya komai ba.

"Cire gashin baki ma," in ji Abba, yana share hawayen dariya.

Amma da ya ga fuskar ɗan'uwansa, sai ya daina. Naziru ya zauna a benci ya gaya masa batun gwajin, da abin da hafsa ya ce. Saura mako biyu. In ya koma a haka, zai mutu kofur. Abba ya ce to ya rage ci mana. Naziru ya ce ta yaya, alhali kullum ƙara masa ake yi, kuma mafi girman kwanon na uwar Abban ne? Abba, wanda bai san komai game da suɗe kwanon ba, ya ce wannan kam sai dai ya je da kansa, shi ba ya shiga tsakanin tsohuwarsa da tukunyarta.

Duk da haka, ranar Juma'a bayan masallaci suka tafi gidan Gwaggo tare. Gwaggo Suwaiba ta shimfiɗa tabarma, ta shiga ɗaki ta fito da tasa irin wadda ake fitarwa ranar suna, cike da tuwo, nama a sama. Naziru ya zo ne da niyyar magana, amma da aka ajiye tasar a gabansa sai hannu ya rigaya baki. Ya yi bismilla ya fara. Zufa na zuba, yana tura loma yana numfashi. Gwaggo ta zauna a kujerar tsugunne tana kallonsa, har ya kai gindi, ya lanƙwasa yatsa zai suɗe. Sai ta tafa hannu ta yi salati.

"Naziru, don Allah hwaɗa mini gaskiya. Wace irin yunwa ce wagga? Zabbina sun ƙare dut. Jiya sai da na ranto man shanu. Mi za ni ba ka ka ƙoshi?"

Naziru ya ɗago, hannu a sama. "Gwaggo, ai ni tun rabin tasa na ƙoshi. Kullum ma haka ne."

"Ka ƙoshi? To mi ya sa kake suɗe kwano?"

"Don kada ki ce na raina abincinki."

"Ni kuwa ina ƙarawa don ka suɗe!"

Suka kalli juna. Abba ne ya fara faɗuwa a tabarma. Gwaggo ta biyo baya, tana dariya tana dukan cinya, har ɗankwalinta ya zame. Naziru ya so ya yi, cikinsa bai bar shi ba.

Da dariya ta lafa, ya gaya mata batun saje. Nan take fuskarta ta sauya. Ta tambaye shi ko uwarsa ta san da gwajin. Ya ce ya gaya mata tun ranar da ya zo. Gwaggo ta gyara ɗaurin zane, ta yafa mayafi, ta ce su biyo ta.

A tsakar gida ta sami Inna Madina tana tankaɗe. "Madina, ke kina gani munka yi ta kashe kanmu da daka, yaro shina kashe kanshi da ci, kinka yi shiru?"

Inna Madina ba ta ɗago ba. "Yaya, ni dai na ga ya yi kyau."

"Kyau za a auna can ko gudu?"

Daga ranar Gwaggo Suwaiba ta karɓi ragamar komai. Ta zaga gidajen dangi ta raba musu kwanaki: gida ɗaya a rana, kwano ɗaya, madaidaici. Ta hana man shanu da soye-soye. Ta ce a yawaita wake da zogale da rama, nono kuma a kawo tsala ba sukari. Wata ta ce ai ranta zai ɓaci in an hana ta ciyar da ɗanta. Gwaggo ta ce ta adana ɓacin ran, in ya dawo da girma ta yanka masa rago. Barcin rana ta yanke shi zuwa ɗan kishingiɗa bayan azahar, ita ke zuwa ta buga ƙofa da muciya. Ana idar da isha'i kuma sai ta ajiye kujerarta a bakin zaure. Duk wanda ya zo hira ta ce masa, "Soja ya kwanta. Labarin daji sai ya zama saje."

Abba ya ɗauki 'yan kwanaki daga wurin aiki ya dawo gida. Kowace safiya yana bayan Naziru a kan babur a hanyar Shagari, yana danna oda yana ihu: "Ɗaga ƙafa, Alhaji! Ga mai jaki nan tahe!" Naziru ya ce a duk shekarunsa na soja bai taɓa haɗuwa da mai horo marar imani irin wannan ba. Abba ya ce ƙarya ne, shi ruwa ma yake riƙe masa. A nan kaɗai maganarsu ta saɓa.

Nauyin bai sauka duka ba, mako biyu ba ya gyara abin da zabbi suka yi. Amma barcinsa ya dawo daidai, ƙafa ta saki, numfashi ya zauna. Ya koma bariki bel ɗinsa na ɗaurewa, ko da yake da ƙyar.

Ranar gwaji Gwaggo da Inna Madina suka zauna a tabarma ɗaya, wayar Abba a tsakaninsu. Sai bayan azahar ta yi ƙara. Naziru ne. Ya ce ya ci. Ba shi ne na farko ba, yana cikin na ƙarshe-ƙarshen waɗanda suka shiga kafin lokaci ya cika, amma sunansa na cikin masu tafiya kwas. Inna Madina ta rangaɗa guɗa, ta ce dama ta san ƙarfin abincin ne ya kai shi. Gwaggo ta harare ta.

Watanni bayan haka ya gama kwas, ya turo hotonsa a wayar Abba cikin kaki, sabon girma a hannun riga. Gwaggo Suwaiba ta kawo wayar kusa da ido, ta sa yatsa a kan alamar.

"Waɗanga zane-zanen hwa?"

"Igiyoyi ne, Inna," in ji Abba. "Da biyu gare shi, yanzu uku. Shi ne saje."

Ta ƙirga su da kanta, ta miƙa masa wayar.

"Kira shi ka hwaɗa mishi, ta ukun tawa ce. Aro na ba shi."