Batirin Malam Modu

Sanarwa ga mutanen Mandawari da kewaye: yau da safe motata ta tashi da murɗa makulli sau ɗaya. Ba turi, ba lallashi.

Na tsaya a ƙofar gidan Malam Modu ina ta danna hon, don ya fito ya ga abin al'ajabi. Sai babban ɗansa ya fito, ko hula babu a kansa. Ya ce, "Baffa, ai Baba ya cika bayan asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ashe gidan makoki nake yi wa hon.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Modu maƙwabcina ne, mai sayar da huluna a kasuwar Kurmi. Shi Babarbare, ni Bafillatani, don haka tun muna samari ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce in koma daji shanu suna jira.

Babbar gardamarmu a kan tsohuwar motata ce. Duk safiyar da ta ƙi tashi, ni in ce kik ne, wato abin da ke juya inji in an murɗa makulli. Na karanta, na bincika, har a group ɗinmu na yi dogon bayani. Shi kuwa, wanda ba makanike ba, sai ya zo da butar alwalarsa ya tsaya a kaina.

"Kunna fitila, Bafillace. To, murɗa. Ka ga ta dushe? Danna hon. Ka ji shi kamar rago mai mura? Batir ne."

In ce kik ne.

Ya ce, "Kai mota ma kiwonta kake yi, kana jira ta warke da kanta."

Daga nan sai ya aika cikin gida a kawo ruwan zafi ya wanke farin garin da ya taru a kan batir, ya ɗaure da sifana. In ta ƙi, ya kwance nasa batirin ya rungumo shi a ƙirji, cikin farar shadda, tun daga inda yake ajiye motarsa, saboda lungunmu mota biyu ba sa haɗuwa. In ta tashi sai in ce sa'a ce. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Abin da kawai yake nema shi ne in ce "batir ne" a gaban mutane. Ban taɓa faɗa ba.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, ya daina tuƙi. Yau ce ranar da likita ya ce ya koma asibiti, kuma girgizar adaidaita sahu tana wahalar da shi. Na ce ni zan kai shi.

Jiya bayan la'asar na same shi a zaure, ya rame, amma bakin nan yana nan.

"Kai za ka kai ni? A wannan akwalar? Sai dai mu isa bayan likita ya yi ritaya. Je ka kwance batirina ka saka."

Karo na farko ke nan da ni na yi dakon batirin. Ban san haka yake da nauyi ba.

Da na ɗaura zan gwada, ya hana ni. Ya ce, "Da yamma kowace mota jaruma ce. Bar ta ta kwana. In ta tashi gobe, a ƙofar gidana za ka faɗa, da ƙarfi, 'yan lungu su ji."

Na ce Allah ya kai mu. Ya ce amin.

Motar ta tashi, amma ba ta yi masa amfanin komai ba. A kafaɗa muka kai shi kafin azahar.

Allah ya jiƙan Malam Modu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Nauyin da ya riƙa ɗaukar mini, Allah ya sa ya tarar da shi a mizani. Allah ya ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai sa shi a addu'a ba.

Modu, ga shi na faɗa a gaban mutane: batir ne.