Waƙar Manomin Tebaram

A shekarun da jam'iyyu suka yi yawa a ƙasar nan, kowane gida da tuta amma ba kowane gida ke da hatsi ba, ina da rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwar Tawa. Abin da aka fi kawo mini shi ne manyeto, na'urar nan ta ɗaukar magana a kaset. A Adar da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a Abija ko wani gari na bakin teku, kuma da kaset ake gaisawa. Tsohuwa za ta zauna gaban manyeto ta yi wa ɗanta faɗa son ranta, a ba direba ya kai. Saboda haka in manyeto ya lalace, a guje ake zuwa wurina.

Sau da yawa da kaset maƙale a ciki ake kawo shi, kuma dole in kunna in gwada. Ta haka na gano ba ni kaɗai ne mahaukacin da ke tsara waƙa a ɓoye ba. Na fara kama wani mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko, a Takanamat, yana rera wa kansa baitoci a kan yajin aiki. Bayansa na kama majo, wanda ke kula da ɗakin shan magani a Barmu. Na ƙarshe wani manomi ne daga Tebaram, sa'ana, dogo siriri, wanda ƙaninsa ya kawo wa manyeto daga Abija. Da na ce masa na ji waƙarsa, kunya ta kama shi kamar na same shi yana wanka.

Ni na haɗa mu. Na fitar da kaset ɗaya sabo, muka ce shi ne majalisarmu. Daga wurina ya tafi Tebaram, daga can Takanamat, sai Barmu, sannan ya dawo Tawa, duk a hannun direbobin motocin kasuwa. Wanda ya karɓa zai saurara, ya faɗi ra'ayinsa a kan waƙoƙin ƴan'uwa, sannan ya sa tasa. In wuri ya ƙare, sai ya shafe abin da ya fi daɗewa a ciki, tunda kowa ya riga ya ji shi. Doka ɗaya ce ba a taɓawa: ba ka tura kaset gaba ba tare da ka ce wani abu a kan waƙar ɗan'uwanka ba. A wurinmu yin haka daidai yake da a yi maka sallama ka yi shiru.

Kada mai karatu ya ɗauka wasu gwanaye ne mu. Ba mu iya ba. Amma lokacin ba abin da ke tafiya. Lakwal a rufe, magani babu, an karya darajar kuɗinmu sefa, har kwano ɗaya na gero ya zama abin shawara tsakanin miji da mata. In ka ji muryar wani daga nesa yana cewa baitinka ya yi masa daɗi, sai ka ji kamar kai ma mutum ne.

Matsalar ita ce mushe da majo ba su san komai ba sai yabo. Mushe in ya fara, sai ya haɗa da Faransanci, ya kira ka babban mawaƙin Adar a kan waƙar da kai kanka ka san gurguwa ce, kuma bai san inda ake tsayawa ba. Majo kuwa addu'a yake jerowa, Allah ya ƙara basira, Allah ya kai mu ga ranar da za a ji ka a gidan rediyo. Ni ne mai baƙin baki. In baiti ya karye sai in ce ya karye, in kuma waƙa ta yi kama da wa'azin da aka yi barci a tsakiyarsa, haka zan faɗa. Mushe ya taɓa yin fushi da ni har zagaye biyu yana gaishe ni a daƙile.

Manomin kaɗai ke jin daɗin wannan hali nawa. Bai yi lakwal ba, allonsa ma bai yi nisa ba, don haka ba ya rubuta komai. A ka yake tsarawa, yana noma yana maimaitawa har ta zauna. In na ce masa wuri kaza bai yi ba, zagaye na gaba sai ya dawo da shi a gyare, yana dariya yana cewa mai gyara ba ya barin ko waƙa ta wuce bai kwance ta ba.

Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, ya zo rumfata ya zauna a kan benci. Ya rame, kuma yana wani tari mai fitowa daga can ƙasa. Na tambaye shi, ya ce sanyi ne. Sannan ya gaya mini akwai wata doguwar waƙa da ya yi shekaru yana ɗauke da ita, bai taɓa rera wa kowa ba. Waƙar garinsu ce. Yana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanda ya tafi bakin teku daga kowane gida, da abin da ya bari, da wanda ke jiransa. Ƙaninsa mai manyeton yana ciki, don tun tafiyarsa ta ƙarshe ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na ce, "To rera min ita yanzu mana."

Ya ce, "A'a, ba cikin hayaniyar kasuwa ba. Ga kaset za ni sa ta, in na samu numhwashi. Amma kai nika so ka ji ta, mai gyara. Su waɗancan ko tari niy yi musu, cewa za su yi madalla. Kai ka hwaɗa min gaskiya, in ta yi, in ba ta yi ba. Ban da wata bayanta."

Na ce masa kada ya damu, zan tsefe ta har sai ya yi da-na-sanin sanina. Muka yi dariya, ya tafi da kaset ɗin a aljihu.

Daga nan na shiga jira. Ruwa ya sauka, hanyoyi suka lalace, motocin kasuwa suka rage zuwa. Ina gyaran rediyon mutane amma hankalina yana kan wata waƙa da ban taɓa ji ba. Sai da gero ya fara fitar da kai sannan direban Barmu ya miƙo mini kaset ɗin a ƙulle cikin tsumma. Ban ko tsaya cin abinci ba. Na sauke labulen rumfa da rana tsaka, na kunna.

Muryar mushe ce ta fito, tana rawa. Cewa yake bai taɓa jin abu irin wannan ba tun da uwarsa ta haife shi, ya saurara ya yi kuka, matarsa ma ta yi kuka. Ya ce waƙar ta cika kaset gaba da baya, bai sami wurin magana ba, don haka zai ɗan ci kaɗan daga farko, wurin bisimilla da gaisuwa. Ya ci bisimilla, ya ci gaisuwa, ya ci gaba da ci. Ina zaune ina kallon zaren kaset ɗin yana juyawa, ina cewa yanzu zai tsaya, yanzu zai tsaya. Ya kwatanta waƙar da ruwan farko, ya koma Faransanci, ya dawo, ya ba da labarin wani ɗan ajinsu da shi ma ya ɓace a Abija. Bai yi shiru ba sai da zaren ya ƙare.

Na juya ɗaya gefen. Majo ne. Ya ce shi rabin waƙar kawai ya samu, amma rabin ma ya isa ya hana shi cin tuwo. Ya ce ba zai iya tura kaset shiru ba a kan abu irin wannan, kuma abin da ya fi daɗewa a ciki ita ce waƙar, to bisa ƙa'ida ita zai taɓa.

"Ba komi," in ji shi, "ai tana nan ga kainai, shi sake rera muna ita in an kwana biyu."

Mutumin da aikinsa ke nan sauraron ƙirjin mutane, bai ji abin da ke cikin muryar manomin ba. Ya jero addu'o'insa har kusan ƙarshe. Sai can, da ɗan guntun zare ya rage, na ji ƙarar maɓalli, sannan muryar manomin ta fito, a shaƙe, tana jan numfashi tsakanin layi da layi:

Na zaga gari ina ta sallama,
Tsohi da mata ka amsawa.
Darni ya hwaɗi ƙohwar gidanmu,
Mai ɗaure shi ba shi dawowa.

Daga nan zaren ya tsaya.

Na zagi mushe, na zagi majo, ni kaɗai a cikin rumfa kamar taɓaɓɓe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugunta suka yi ba. Da mugunta ce da na san abin da zan yi da su. Ƙaunar waƙar ce ta sa suka kasa rufe baki, kuma ƙa'idar da muka kafa da kanmu suka bi. Washegari na rufe rumfa, na ɗauki manyetona mafi kyau da sabon kaset, na sa masa sababbin pil, wato batir, na nemi motar Tebaram.

Na iske shi kwance a kan tabarma a inuwar zaure. Da ba a ce mini shi ne ba, da na wuce. Matarsa ta kawo mini ruwa, ta ce tun ranar da ya gama ɗaukar waƙar nan bai sake zuwa gona ba. Kwanaki ya yi yana yi, in ji ta, ya rera kaɗan ya kashe ya huta, ya hana kowa shiga. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin tashi zaune, na riƙe shi na jingina shi da bango.

Bai bari mun gama gaisawa ba. Ya ce, "Ka ji ta?"

A mota na shirya ƙarya iri-iri. Amma ya dube ni da idanun nan da suka faɗa ciki, kuma gaskiya ya ce in zo masa da ita. Na gaya masa yadda aka yi, tun daga bisimillar mushe har addu'ar majo. Na ce baiti ɗaya na samu, na ƙarshe.

Ƙuda na sauka a fuskarsa bai kore shi ba. Can ya ce, "To mi sunka ce?"

Na ce sun ce ta yi kyau ƙwarai, mushe har kuka ya yi.

"Ai sun saba," ya ce. "Kai hwa? Wanga guda da kaj ji?"

Na ce masa baitin ya yi, ba inda zan taɓa. Ya girgiza kai, ya ce baiti ɗaya ba waƙa ba ne, wanda bai bi gidajen nan tun daga na farko ba, ba zai san nauyin na ƙarshe ba. Ban yi masa gardama ba, don haka ne.

Sai na jawo manyeton na ajiye kusa da bakinsa. Na ce ba gaggawa, zan kwana nan ko mako ne, ya yi layi ɗaya ya huta, ni zan riƙa kunnawa ina kashewa. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Ya rufe ido, leɓɓansa suka fara motsi, na ga alamar yana neman farkon. Na danna.

Ya yi bisimilla. Ya kama gidan farko, na gabas da masallaci, ya faɗi rabin layi, tari ya sarƙe shi. Muka jira ya lafa, ya sha ruwa. Ya sake kamawa daga farko, wannan karon bai ko kai inda ya kai ɗazu ba. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ce gida na biyu ya ɓace masa, tun da zazzaɓin nan ya shige shi abubuwa ke zubewa, ya san akwai wata tsohuwa da akuya a ciki amma ya rasa ta inda ake shiga. Ya ce ya ɗauka tunda ya sauke ta a kaset, ba sai ya ci gaba da riƙo ba.

Na ce ya ƙara gwadawa, ko daga tsakiya ne, ko wane gida ya zo masa. Roƙonsa nake yi, ni da ban taɓa roƙon kowa waƙa ba. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai numfashi mai ƙara. Zaren yana ta juyawa yana ɗaukar wannan numfashin. Ya juyo da kai ya dubi ɗan jan hasken da ke jikin manyeton, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗora yatsunsa a bayan hannuna.

"Kashe, mai gyara," ya ce. "Kak ka ɓata pil ɗinka banza."

Na kashe. Ba a kai ga yankan gero ba aka aiko mini da rasuwarsa.