Alwala da Buta Ɗaya

A Maraɗi, inda na girma, buta ce ke yanke wa mutum alwala. Ruwa ya ƙare, ka tashi. Haka na gani a zangon Kumasi, haka a Jidda: kana tsugune, wani na tsaye yana jiran butar, in ka daɗe ya ce, "Malam, an fa tada iƙama." Waswasi na tare da ni tun ina saurayi, amma ƙarancin ruwa da idon mutane sun riƙe min shi.

A McLeansville, wani ƙauye a ƙasar Turawa inda na koma da zama, babu mai jira. Iyalina na can gida, ni kaɗai ne a tsakiyar gonaki, famfo kuwa ba ya ƙarewa. In kai ga wanke ƙafa, sai zuciya ta ce gwiwar hannu ba ta jiƙe ba. In koma farko. Fatar hannuna ta tsattsage. Kafin in tuƙa zuwa masallaci an sallame.

Mutanenmu sun ɗauka tsantseni ne. Wani ɗan Gana da muke aikin sito tare a titin Wendover yakan ce, "Alhaji waliyyi, kai kam a banɗaki mala'iku za su same ka!" A yi dariya, ni ma in yi. Ba wanda ya lura na manta rabona da sallar jam'i.

Ƙwayoyin asibiti ba su yi min ba. Daga baya likitata ta tura ni wani gwaji, inda ake ɗora maganaɗisu a kai yana taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke sa maimaita abu. A lokacin ba a tabbatar da maganin ba, ta kuma ce wasu na bogi ake sa musu ba tare da sun sani ba.

Ma'aikaciyar wurin ta ce sai an tsokano ciwon kafin a kunna na'urar, in zo da abin da ke tada min shi. Na kawo tsohuwar butata da ke ajiye a akwati.

"Sau ɗaya," in ji ta, "sannan ka zauna."

Na yi alwala, ruwan butar ya ƙare. Na cire hula na zauna, abin na bugun kaina kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Zuciya na ta ce min tashi ka sake, ba halin tashi. Haka muka yi makonni, in je ni kaɗai, in dawo ni kaɗai.

Har yau ban san ko na gaske aka sa min ba. Waswasin bai mutu ba, muryarsa ce ta yi ƙasa. Amma tun daga nan ban sake alwala a bakin famfo ba. Buta ɗaya nake cikawa, in ta ƙare in tashi, kuma ina samun sahu.