Motata ta yi wa Inna tsayi

Jama'a, yau Inna ta tsaya a gaban motata ta ɗaga kai sama kamar mai duban wata. 😂

Sati biyu a-kori-kurar tawa ta yi a gareji nan unguwar Kilomita Biyar. An sa mata manyan tayoyi, an ɗaga ta, an kafa ƙarfe a gaba, ga fitilu huɗu a rufi. Da safe na karɓo ta ina ta washe baki, har masu taksi-moto, 'yan acaɓa, suna ɗaga min hannu. Kai tsaye na nufi gidan Inna a unguwar Yakité, don na yi wa mahaifiyar tawa alkawarin kai ta sunan jikar ƙawarta a unguwar Miskine.

Ta fito cikin sabuwar laffaya. Ta ɗaga ƙafa, ƙafa ba ta kai ba. Ta sake gwadawa, sannan ta juyo ta dube ni.

"Ɗan nan, wa ka gyara wa motar nan?"

"Saboda taɓon damina ne, Inna. Yanzu ba ramin da zai tsayar da ni."

"To, madalla. Ka tuna da rami, ka manta da gwiwar uwarka."

Kunya ta kama ni. Ƙarshe dai turmi muka kifa ta taka.

Amma tana zama ta leƙo ƙasa, sai ta hana ni ɗaga gilashi. Duk wanda muka wuce sai ta kira sunansa ta gaishe shi daga sama. Da muka isa Miskine ta ce in ƙara zagaye ɗaya, ƙawayenta ba su gama fitowa ba.

Na daɗe ban ji dariyarta irin ta yau ba. Gobe sai wajen mai walda, a sa mata matakala. Wa kuka sani mai hannu mai kyau a unguwar nan?